Shekarar da Na Kai Mahaya Bakwai Budapest

Abubuwa uku na ɗora a kan sikeli a shekarar da nake son ba ku labarinta. Na farko rabin depo a Clichy-sous-Bois kusa da Paris, wurin ajiyar kayan da na yi shekaru ina zuba gumina a ciki. Na biyu kamiyonet fara, motar ɗaukar kaya da nake tuƙawa, wadda ni ke zuba mata mai amma takardunta na ɗauke da sunan wani. Na uku shi ne mai sunan, Alhaji Nomau, kuma shi ya fi sauran biyun nauyi. A ɗaya bakin sikelin babu komai sai magana ɗaya da na faɗa wa wata tsohuwa a Lyon, wadda ba addininmu ɗaya ba, ba garinmu ɗaya ba, babu kuma shaida a wurin sai Allah. Na ce mata na karɓa. Kun tashi kuna jin labarin nan gutsure-gutsure a bakin mutane, har an taɓa gaya wa ɗayanku a wurin suna cewa ubansa ya bar Paris ne don ya shiga cinikin gumaka. To ga yadda abin ya kasance, daga bakin wanda ya yi tuƙin.

Sana'armu Faransawa na ce mata debara, wato kwashe gida. Tsoho ya rasu ko an kai shi gidan tsofaffi, 'ya'yansa na nesa ko babu su, mai gida kuma na son ɗakinsa fanko kafin wata ya mutu. Sai a kira mu. Mu hau bene mu sauko da rayuwar mutum gaba ɗaya a kafaɗa, firiji da katifa da keken ɗinki da agogon bango. Abin da zai yi daraja a Maradi ko Damagaram mu tara shi sai kwantena ta cika. Abin da Bature ke so saboda tsufansa mu kai kasuwar tsofaffin kaya ranar Lahadi. Ƙarfe da tagulla kuwa a kilo ake sayar da su. Alhaji Nomau ne ya koya mini duk wannan. Mutumin Tawa ne, dogo, mai ƙaramar murya, ban taɓa jin ya yi rantsuwa a kan ciniki ba. Lokacin da na sauka unguwar Goutte d'Or a Paris da jaka ɗaya da lambar telefon da ba a ɗagawa, shi ya tsince ni a ƙofar masallaci ya ba ni wurin kwana. Shi ya koya mini in duba ƙasan kujera kafin samanta, in kuma yi shiru in mai kaya na magana. Da ya ga ni da Rakiya, 'yar ƙanwarsa, muna gaisuwar da ta fi ta maƙwabta tsawo, shi ya tsaya aka ɗaura. Saboda haka Baba nake ce masa, kuma ba da baki kawai ba.

Alhaji yana da doka ɗaya a depo. Can muke yin azahar da la'asar, a wata kusurwa da muka share muka shimfiɗa darduma. Gidajen Turawa kuwa cike suke da abubuwa masu fuska, karnukan tangaran, 'yan mata na farar ƙasa, sojojin dalma, tsuntsayen tagulla. Dokar ita ce duk abin da aka sassaƙa ko aka zuba da siffar mai rai ba ya wuni a depo da kansa a wuyansa. Guduma da zarton ƙarfe na rataye a bakin ƙofa don wannan aikin. Na tangaran a fasa shi, na ƙarfe a yanke kan a jefa a tulin kilo. Ni ma na yi wannan aikin ba adadi, kuma ban ga laifinsa ba, don kayanmu ne, mun saya ko an bar mana. Har yau haka nake yi da nawa. Ku riƙe wannan, don a nan maganar take.

Wata 'yar Maradi da ke karatun jinya a Lyon, tana kuma kula da tsofaffi a gidajensu, ita ta kira ni ta ce akwai aiki a Vénissieux, gefen Lyon. Tsohuwar sunanta Madam Ilona, 'yar ƙasar Hungari ce, ƙafafunta sun ƙi, za a kai ta gidan tsofaffi. Mijinta ya rasu, ba su haihu ba. Na kwashe ɗakuna biyu tana zaune a kujera tana kallo, har aka fita da gadon aurenta. Sai da na kama ƙofar wani ɗan ƙaramin ɗaki ta buga sandarta a ƙasa.

"Wannan ba na kwashewa ba ne, Mushe Lawali. Buɗe ka gani."

Mushe shi ne malam a bakin Faransawa. Na buɗe. A kan wani dogon katako mahaya bakwai ne na tagulla a jere, kowanne tsayinsa ya kai kamu guda, kowanne a kan dokinsa. Masu gashin baki ne zara-zara, wasu da kwalkwali mai tsini, wasu sun yafa fatar dabba a kan sulke. Ɗaya na riƙe da gatari, ɗaya da mashi, na gabansu ya dafa kulki yana kallon nesa. Akwai wanda aka yi wa dokinsa linzami da ƙahoni masu rassa na wata dabbar dajinsu. Ba zan ɓoye muku ba, idona na ɗan kasuwa nauyin tagullar ya fara aunawa. Sai da na ɗaga ɗaya na juya shi na ga aikin, har jijiyar ƙafar dokin ta fito, sannan na san ba kayan kilo ba ne.

Ta ce a Budapest, babban birninsu, akwai wani fili da ake kira Dandalin Jarumai, can manyan suke. Shugabannin kabilu bakwai ne da suka jawo mutanensu a kan dawaki suka shigo wannan ƙasar tun fiye da shekara dubu. Mijinta a gindinsu ya yi wasan ƙuruciya. Yana saurayi ƙasarsu ta rikice, ya tsallake iyaka da ƙafa, ya ƙare a masana'antar narkar da ƙarfe a Vénissieux yana zuba kayan inji har ya tsufa. Bai taɓa komawa ba. Da farko ba hali, daga baya kuma tsoron abin da zai tarar ya hana shi. Da ya ajiye aiki sai ya zauna ya zuba su ɗaya bayan ɗaya, daga hotunan kati da abin da ya rage masa a ka. Kafin ya rasu ya ce a kai su gida, wurin ɗan ƙanwarsa.

"Na tambayi masu aika kaya," in ji ta. "Sun ce in sa hannu cewa in sun lalace ba ruwansu. Kai kuwa na ga yadda ka naɗe hotunan bango da bargo, alhali ba wanda zai saye su. Kai za ka kai su. Duk abin da ke gidan nan naka ne, har kayan aikinsa."

"Madam, ni Musulmi ne. Irin waɗannan ba ma ajiye su."

"Ban ce ka ajiye ba. Na ce ka kai."

Da na ce a'a, da ba mai zargina, yau ko gobe kiyama. Na tsaya ina kallon katakon. Na tuna ni ma da ƙafata na bar garinmu, kuma wata rana wani zai hau bene ya kwashe ɗakina, ya tsaya a kan wani abu da shi bai san darajarsa ba. Na ce mata na karɓa. Na samo akwatunan katako, na naɗe kowanne da bargo, na buga ƙusa, na kama hanyar Paris, da niyyar in mun gama lodin kwantenar da ke gabanmu in wuce da su.

Gida na fara nufa. Uwarku ta same ni a ƙasan bene ina nishi da akwati na farko, ta tambayi abin da ke ciki, na gaya mata.

"Wallahi ba su hawa benen nan," in ji ta. "Ɗaki biyu gare mu, mu da yara, sannan ka kawo mini mayaƙa bakwai da dawakinsu? Wa zai yi musu ciyawa?"

"Kwana kaɗan ne, Rakiya."

"Ko wuni. Mala'iku su tsaya a waje saboda baƙinka? Mayar da su inda ka ga dama."

Gaskiyarta ce, ban ja ba. Na kai su depo na jera a can ƙurya, nesa da wurin salla. Na kira Alhaji a telefon, muka taƙaita gaisuwa, na gaya masa komai ban rage ba. Na ce siffofi ne, ba namu ba ne, amana ce, a rufe suke, kuma ba za su daɗe ba. Ya ce, "To, Allah shi kai mu." Na ɗauka ya yarda.

Washegari ina da wani aiki da safe, sai gab da azahar na iso. Tun daga waje na ji ƙarar zarto a kan ƙarfe. Na san wannan ƙarar kamar muryar uwata. Na shiga da gudu. An ɓalle akwatuna biyu. Mai gatarin na tsaye a kan tebur, gatarinsa a hannu, wuyansa na ƙyalli, babu kai. Na biyun na kwance, masu dakonmu biyu sun danne shi, Alhaji ya naɗe hannun riga ya fara ja. Ban san lokacin da na kama wuyan hannunsa ba. Tun da nake ban taɓa kai hannu jikinsa ba sai don gaisuwa.

"Baba, tsaya."

"Ka iso? Kama mini wanga, wuyanai da kauri."

"Na gaya maka amana ce."

"Na ji ka sarai. Wa ya ce saidawa za ni yi? Ga kan nan cikin leda, ban yar ba. In na gama da su duka in ƙulle maka kawunan wuri guda. Ka kai musu jiki daban, kawuna daban, can su liƙa abinsu. Ni dai ba ni salla ɗaki guda da waɗanga."

Ina so ku gane wannan. Alhaji ba mugunta ya yi ba. Ya zauna ya yi tunani, ya samo hanyar da a ganinsa ta tsare dokarsa ta kuma tsare amanata, har ya nemo leda mai kyau. A wurinsa taimakona yake yi.

"Ba haka na karɓe su ba, Baba. Yadda na karɓa haka zan miƙa."

"Kayan wata tsohuwar Nasara sun fi maka wurin da kake kai goshi ƙasa?"

"Kai ka koya mini in an ba ka riƙon kaya ba ka taɓa ko zarensa. Ba ka ce mini sai na Musulmi ba."

Ya dubi hannuna da ke kan nasa, ya dubi masu dako, waɗanda suka sunkuyar da kai. Sai a lokacin na sake shi. Ya ajiye zarton a hankali, ya warware hannun rigarsa. Muryarsa ba ta tashi ba.

"Lawali, ka riƙe ni gaban yara. To. Ko in ƙarasa aikina ka zamna, ko ka kwashe su ka bi su. Kuma motata ba ta ɗaukar su."

Na zaro makullin depo da na mota na ajiye a kan tebur. Na mayar da biyun cikin akwatunansu, na ɗauki ledar na sa a aljihu, na fitar da akwatuna bakwai bakin titi ni kaɗai, don ban so in jawo wa masu dako fushinsa. A nan gefen titi na yi azahar ɗina, motoci na wucewa. Sannan na nemo motar haya ta ɗaukar kaya, na kai su wani gareji da na kama.

Labari bai kwana ba. A Goutte d'Or, daga shagon aika kuɗi zuwa wurin mai gasa nama, kowa ya zama malami. Ɗalibai 'yan Nijar na muhawara rabi Hausa rabi Faransanci, wasu na ganin na yi daidai, wasu na cewa ciki ne ya kai ni. Wani ya laƙaba mini Lawali Gunki, sunan ya bi ni. Na je wurin malamai biyu. Ɗaya ya ce tun farko bai kamata in karɓa ba. Ɗaya ya ce tunda na karɓa in sauke nauyin da wuri. Na lura duka biyun ba wanda ya ce in yanke kayan mutane. Uwarku ita ce a tsakiya, kawunta a nan, mijinta a can. Ta je ta durƙusa masa, ta dawo idonta jawur ta ce yana son in je in ba shi haƙuri. Na je. Bayan Juma'a, a ƙofar masallaci, a gaban mutane, na tsuguna na ce na yi kuskure da na riƙe hannunsa, ya yafe mini.

"Na yafe," in ji shi. "Ina kayan?"

"Suna nan yadda suke, Baba."

Ya gyara rawaninsa ya wuce.

Da na gaya wa Rakiya ta daɗe tana tankaɗe ba ta dube ni ba. Can ta ce:

"Ka karɓa, ka kai. Ba zan zauna da mutumin da ake ba shi riƙo ya dawo da gutsattsari ba. Amma ka ji ni da kyau, Malam. In wata tsohuwa ta sake yi maka kuka, ka miƙa mata hankici ka wuce."

"Ba ta yi kuka ba."

"To ka ga abin ya fi muni. Haka kawai aka ɗaure ka."

Ta yi mini dambun nama da gari mai yawa ta ƙulle.

Kafin Hungari sai da na koma Lyon, don ba zan kai kaya da ɓarna mai su ba ta sani ba. Na same ta a gidan tsofaffi, a ɗan ɗaki mai taga ɗaya. Na zauna na gaya mata abin da ya faru, na ciro ledar na ajiye kan a tafin hannunta. Ta daɗe tana shafa gashin bakin da babban yatsa. Na yi zaton za ta ce in dawo mata da kayanta. Sai ta tambaye ni ko mutumin da ya yi yankan ya ƙi mijinta ne. Na ce bai ma san shi ba, tsoron Allah ne ya sa shi, ta hanyar da ya sani. Ta gyaɗa kai, ta kwatanta mini wani gareji a Minguettes, wata unguwa a Vénissieux, ta ce in nemi Ammi Sa'id, ɗan Aljeriya, abokin aikin mijinta.

Na same shi tsoho tukuf, da carbi a hannu da tabarau mai kauri. Ya juya gangar jikin, ya juya kan.

"Wane jaki ne ya yi wannan?"

"Ba jaki ba ne, babana ne, kuma mutumin kirki."

"To mutumin kirkin ya iya zarto. Yankan ya miƙe, ya rage mini aiki."

Yana kunna wutar walda na tambaye shi ko ransa ba ya yi masa nauyi da wannan aikin, shi da carbi a hannu.

"Ɗana, ba yin sa zan yi ba, ɓarna zan gyara. Mun tsufa a benci ɗaya ni da mai shi. In azumi ya zo, sai ya ɗauki abincinsa ya fita cikin sanyi ya ci, don kada in ji ƙamshi. Riƙe mini nan, kada ka motsa."

Da ya gama ya goge, sai wani siririn layi ya rage a wuyan kamar zare. Na biyun da zarto ya fara ci ya cike masa gurbin. Ya ƙi karɓar ko sisi.

Kayan aikin mijin Madam Ilona na sayar na sayi wata tsohuwar mota mai tari. Da ita na ratsa Italiya da Siloveniya. A kan duwatsu ta yi zafi ta tsaya, na zauna a bakin hanya ina cin dambu ina jiran ta huce. Duk inda na tsaya shan mai nakan buɗe baya in taɓa igiyoyin. Ban san yaren kowa ba, ba kuma wanda ya san nawa. A hanyar nan na yi lissafin abin da zan tarar in na dawo Paris, na ga babu. Masu ba mu aiki na Alhaji ne, masu sayen kaya a gida nasa ne. Na ga haka sarai, na ci gaba da tuƙi.

Ɗan ƙanwar mijin nata mutum ne mai furfura a gefen kai, yana zaune a wani tsohon gidan bene. Bai taɓa ganin kawun nasa ba sai a hoto. Ba ya jin Faransanci, 'yarsa ce ke ɗan ji, ita ta yi mana tafinta. Ya buɗe akwati ɗaya ya leƙa, ya ce an gode, ya dubi matarsa. Ita kuma ta dubi ɗakinsu, ta yi wata magana gajera. Ban buƙaci tafinta ba, irin kallon Rakiya ne a ƙasan bene. Aka ce in sauke su a ɗakin ajiya na ƙarƙashin gidan, tsakanin tsohon keke da kwalaben da ba kowa. Na bar depo, na bar mota, na bar Baba, don a jera su kusa da keke. Amma ban zo don in koya wa mutum son kawunsa ba. Na dai ƙi tafiya sai da aka buɗe duka bakwai ɗin a gabansa, na nuna masa layin wuyan mai gatari, na sa yarinyar ta gaya masa yadda aka yi. Ya shafa layin, ya dube ni tsawon lokaci, ya miƙo mini hannu.

Yarinyar ce ta ce ba zan koma ban ga manyan ba. Ta kai ni dandalin da hantsi. Fili ne shimfiɗe da dutse, a tsakiya wani dogon ginshiƙi, a bayansa gine-gine biyu masu lanƙwasa da sarakunansu a tsaye. A gindin ginshiƙin suke, su bakwai. Tagullar ta koma kore saboda ruwa da shekaru. Kofaton doki ɗaya ya kusa kai kaina girma. Baƙi na ta ɗaukar hoto, yara na hawa matakala. Na zagaya su a hankali ina gane kowanne kamar mutanen da muka yi doguwar tafiya tare. Ga na gaba da kulkinsa, ga mai linzamin ƙahoni. Ban rusuna wa kowa ba, ban kuma ji wani abu ya taɓa imanina ba. Kallon ɗan kasuwa na yi musu, wanda ya san aiki in ya gan shi. Na yi mamakin mutumin da ya tsufa a Vénissieux da waɗannan a cikin kansa, bai ɓata ko lanƙwasar wuyan doki ba. Su ma, in ji yarinyar, daga gabas mai nisa suka taso da iyalansu da kayansu, suka sauka a nan suka ce sun iso.

Daga nan na kira Madam Ilona.

"Suna nan?" in ji ta.

"Suna nan, Madam, su bakwai. Ina tsaye a gabansu."

"Ƙananan fa?"

Na yi niyyar in ce suna falo a kan tebur, don ba ta da hanyar sani. Amma ban yi wannan doguwar tafiyar don in rufe ta da ƙarya ba.

"Na miƙa su lafiya. Sai dai a ɗakin ajiya aka sa su, a ƙarƙashin gida."

Sai na ji tana dariya, irin ta tsofaffi mai haɗe da tari.

"Ƙarƙashin gidan ma ƙasar Hungari ce, Mushe Lawali. Sun isa. Ka dawo lafiya."

Ba ta ga ƙarshen wannan shekarar ba.

Na dawo na tarar da Paris yadda na lissafa. Ba wanda ya kore ni, kira ne kawai ya daina shigowa. Na kwashe ku muka koma Minguettes, hawa na sama a ginin da injin hawansa ya fi lalacewa da aiki. 'Yar Maradin nan da Ammi Sa'id su suka riƙa ba tsofaffi lambata, na fara daga ɗaki ɗaya zuwa biyu, da motar nan mai tari. Uwarku ce ta fi kowa biya. Gidan kawunta shi ne gidansu a ƙasar nan, can take zuwa sallah, can take kai ku. Bai hana ta zuwa ba, amma ta daina samun wurin zama a cikinsa kamar da, kuma ba ta taɓa yi mini gori ba sai cikin wasa. Ni kuwa duk sallah sai na kira shi. Yakan amsa gaisuwa har ƙarshenta, lafiya lau, lafiya lau, ya tambayi yara, sannan ya ce to madalla. Bai sake ce mini ɗana ba. Ya koma Tawa da ƙarfinsa ya ƙare, can ya rasu, na je gaisuwa na zauna a cikin baƙi.

To ga lissafin, ku duba da kanku. Mahayan nan wataƙila har yau suna kusa da keken, ban sani ba, ban kuma tambaya ba, don ba nawa ba ne. Ban ci ribar da zan nuna muku a tafiyar ba. Depo na sake yi, wanda kuka sani, ya fi na Clichy girma, kuma guduma da zarto na rataye a bakin ƙofarsa don kayan da suke nawa. Mota na sake saya, na sake saya. Baba ne ban sake samu ba, kuma ba a sayen irinsa. Duk da haka, da za a mayar da ni ƙofar depo ɗin nan in ji ƙarar zarton, zan sake riƙe hannun. Sai dai wannan karon zan fara fitar da masu dako waje, in rufe ƙofa.